Amsa ga Hajiyar da ɗanta ke kaiwa sha ɗayan dare yana asaimen

Assalamu alaikum. Hajiya na ga tambayarki tun jiya, cewa yaronki ɗan SS1 kullum sai ya kai sha ɗaya na dare, wani sa'in ma sha biyu saura, yana kan asaimen, kina tambaya wai awa nawa ya kamata ɗan sakandare ya yi yana aikin gida, kuma ko ki ƙyale shi tunda karatu yake. Na bi amsoshin da aka ba ki, yawanci cewa suke ki gode Allah kin samu mai ƙoƙari. Godiya kam dole ce, amma ni gaskiya ban goyi bayan a ƙyale shi ba, yaron da zai tashi sallar Asuba bai kamata sha biyu saura ta same shi da biro a hannu kullum ba.

Ni malamar lissafi ce, na jima ina koyarwa a sakandare, ta gwamnati da ta kuɗi duk na yi, kuma ina da nawa a gida da suka bi ta wannan ajin. In amsa kike so kai tsaye, awa ɗaya da rabi zuwa biyu a ranar makaranta ta ishi ɗan SS1 da SS2, in dai aikin gaske ake yi. Ɗan SS3 zai iya ɗan ƙarawa in WAEC da NECO da JAMB sun matso, shi ma ba har ya daina barci ba.

Kuma ba ni kaɗai na faɗa ba. A Amurka akwai ƙa'idar da ƙungiyar iyaye da malamai da ƙungiyar malamansu suke goyon baya, minti 10 ga kowace shekara ta karatu, ɗan aji ɗaya na firamare minti 10, ɗan aji biyu 20, haka ake ta ƙarawa. In kin lissafa namu, firamare shida, JSS uku, SS1 ta zama shekara ta goma kenan, wato minti 100, ɗan SS3 kuma awa biyu cif. Farfesa Harris Cooper na jami'ar Duke da ya daɗe yana bincike a kan aikin gida shi ma abin da ya samu kenan, yana amfanar ɗan sakandare amma in ya wuce wajen awa biyu zuwa biyu da rabi a dare amfanin ba ya ƙaruwa. A binciken PISA na 2012, jarrabawar da ake auna ɗaliban ƙasashen duniya da ita, matsakaicin abin da yara 'yan shekara 15 suke yi a ƙasashen ƙungiyar OECD, wadda yawancin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, wajen awa 5 ne na aikin gida a sati, 'yan birnin Shanghai na ƙasar Sin kusan awa 14, 'yan Finland ko awa 3 ba sa kaiwa kuma sakamakonsu ya yi kyau. Su kansu 'yan Sin ɗin a 2021 gwamnatinsu ta sa doka, rubutaccen aikin gida na ƙaramar sakandare kar ya wuce minti 90.

To amma Hajiya kafin ki ɗora wannan lissafin a kan yaronki, ki fara duba ƙarfe nawa yake zama. Don yaranmu ranarsu a cike take, a tashi boko ƙarfe biyu, wasu makarantun kuɗin su riƙe su lesin har wajen huɗu, ya dawo ko abinci bai gama ba ya sa kayan Islamiyya, sai shida, ga Magariba, wasu akwai hadda har Isha'i, in mace ce ga wanke-wanke ga taya girki, in namiji ne aike ko shago, in NEPA ta ɗauke kuma a tsaya neman tocila mai caji. Sai tara saura yake buɗe jaka. Kinga wanda ya fara tara ya gama sha ɗaya awa biyu ya yi, ba yawan aikin bane matsalarsa, lokacin ne ya ƙure. Wanda kuma ya fara bakwai da rabi ya kai sha ɗaya da rabi, wannan akwai magana.

Shiyasa nake roƙonki ki zauna kusa da shi dare ɗaya, kar ki ce masa komai, ki dai kalli abin da yake yi. Wallahi abin da na fi gani yana cinye daren yaranmu kwafar not ce, ba asaimen ba. Malami ya ba monita littafi ko a turo hoto a WhatsApp, shafi biyar shafi shida na Gwamnati ko Aikin Gona a ce gobe za a duba, yaro ya duƙa yana ta rubutu hannu na ciwo, ki rufe littafin ki ce faɗa min abu ɗaya da ka rubuta yanzu, sai ya tsaya yana kallonki. Hannu ne ya yi aiki, kai bai je wurin ba. Wannan ba ɗaya yake da tambaya goma na lissafi da zai zauna ya fasa da kansa ba, ko ya karanta babi ɗaya na bayoloji ya rufe ya faɗo shi da bakinsa, minti arba'in na irin wannan ya fi awa uku na kwafa.

Mu a aji muke ganin ƙarshen abin. Darasin farko da safe kai a kan benci, ido jajur, kina bayani yaro na gyangyaɗi. Kafin asambuli kuma ki leƙa bayan aji ki ga an jera littattafai a bakin taga ana kwafar na mutum ɗaya cikin sauri, in na zo dubawa sai in tarar da kuskure iri ɗaya, alamar ragewa da aka manta a layi na uku, a littafi bayan littafi. Ba na ganin laifin yaran sosai, darasi takwas ko tara suke yi, kowane malami yana ba da nasa kamar shi kaɗai ne a makarantar, ba mai tambayar ɗan'uwansa me ka ba su yau, ga tsoron makin CA, wato makin gwaje-gwaje da ayyukan cikin zango. Mu iyaye ma da namu, akwai masu auna kyan makaranta da yawan asaimen, in yaro ya dawo ba aiki a ce kuɗin banza ake biya, makarantun kuɗi kuma sun san haka.

Barcin nan ba ƙaramin abu bane. Likitocin barci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 awa 8 zuwa 10 yake buƙata. Wanda ya kwanta sha ɗaya da rabi ya tashi biyar da kwata ko awa shida bai samu ba, kuma abin da ya karanta da daren ma sai da barcin yake zama a kai.

Abin da nake yi a gidana, ƙarfe goma an rufe littafi, an gama ko ba a gama ba. Abin da ya rage, musamman lissafi da fiziks, bayan Asuba da azkar minti talatin, lokacin kai na sabo. Dogon not a tara shi Alhamis da Juma'a in Islamiyyarsu tana hutu ranakun, ko Asabar da safe, wanda za a iya fotokwafi a yi masa ya karanta ya ja layi, in malamin ya yarda. Waya kuma in ya ce zai duba abu a ciki ya duba a gabanki ya ajiye, yanzu har amsar ma a waya suke ɗaukowa su juye ba su karanta ba. Sannan ki je makarantar da kanki ki ga fom masta, ba da faɗa ba, ki ce ga lokacin da yarona yake kwanciya, ko za a tsara ranakun da kowane malami zai ba da nasa. In kun haɗu ku uku ku huɗu kuka tada maganar a taron PTA an fi saurarenku.

Akwai kuma wanda iyaye ba sa son ji. Wani yaron aikin ba shi da yawa, shi ne bai gane ba. In tambaya goma tana cin masa awa biyu, ki duba baya, sau da yawa tun JSS aka bar shi a lissafi, ko kuma Turancin tambayar ne yake masa nauyi ya yi ta maimaita layi ɗaya yana jin kunyar ya ce bai fahimta ba. Irin wannan ƙarin awa ba za ta yi masa komai ba, wanda zai zauna da shi ya koma masa tushe yake buƙata, ko yayansa ko wani malami sau biyu a sati.

Ki gwada zaman nan na dare ɗaya ki dawo ki faɗa mana ƙarfe nawa ya fara, wane darasi ya fi cin lokaci, kuma sayans yake ko at. In lissafi ne ki ɗauko hoton shafin da ya yi da hannunsa ki turo min, zan duba in gaya miki inda yake tsayawa in sha Allah. Allah ya yi masa albarka ya ba shi ilimi mai amfani.