Faifan bikin 'yata ya koma dishi-dishi a sabuwar filasma

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Na sayi filasma mai inci 55 a nan Gusau, na jona tsohuwar na'urar DVD ɗina, sai fuskokin mutane suka koma dishi-dishi, gida-gida. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne faifan bikin 'yata, domin a cikinsa ne kaɗai nake ganin mahaifiyata mai rasuwa. Wani mai gyara ya ce idon na'urar ne ya yi sanyi, in kawo ya ƙara masa wuta. In kai?

Amsa: Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta. Alhaji, kada ka kai.

Lafiyar filasmarka ƙalau. Hoton DVD a tsarin PAL da muke amfani da shi ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye. In filasmarka mai allon 4K ce kuwa, nata ɗigon 3840 ne da 2160, wato ninki 20 cif. In ma VCD aka buga maka, mai 352 da 288, ninkin ya haura 80. Kunun mutum ɗaya aka tsinka wa gayya. Tsohuwar talabijin mai ƙusumbi rufa wa faifan asiri take yi, wannan kuma ta tona.

Maganar ƙarin wuta kuwa ta ishe ni, kusan kullum sai an shigo mini shago da ita. Idon na'ura lambobi yake karantowa. Ko ya karanta daidai, ko hoto ya riƙa tsayawa yana tsalle, ko na'urar ta ce babu faifai. Ba shi da hannu a kaifin hoto ko kaɗan. Abin da waɗannan 'yan kama-wuri-zauna suke yi shi ne su murɗa wani ɗan ƙaramin sukuru a jikin idon, wuta ta yi masa yawa, bayan ɗan lokaci ya ƙone, su kuma sake cajinka kuɗin sabon ido. Da ma a asarar kuɗi abin ya tsaya. Na sha ganin yara almajiran gyara sun buɗe murfi suna leƙa jan hasken nan alhali na'ura tana kunne. Hasken leza ne, yana iya lahanta ganin mutum. Kuma a sashen wuta akwai kafasito, wato ɗan abin da ke ajiye wuta, da kan riƙe sama da bolt 300 ko bayan an zare filogi. Wanda ya koyi gyara jiya da yamma, yau ya kafa tebur a bakin kasuwa, wa zai gaya masa wannan? Haka masu cewa a goge faifai da fetur: robar yake ci, faifan ya tafi ke nan.

Abin da zai taimaka na farko shi ne waya. In da mai kai uku kake jonawa, rawaya da fari da ja, ita ce mafi rauni, domin haske da kala duk ta rawayar suke cunkushewa. Nemi na'ura mai ramin HDMI, wato inda ake jona waya mai kai ɗaya da ke ɗaukar hoto da sauti, ka saita ta a 1080p. Ba za ta ƙirƙiro abin da babu a faifan ba, amma za ka ga bambanci. Sai ka ɗauki rimot ka rage Sharpness, wato kaifin hoto, sosai, domin yawansa ne ke fito da gida-gidan nan, ka bar yanayin Vivid ka koma Movie. Tsohon bidiyon biki 4:3 ne, wato siffar allon tsohuwar talabijin, bar shi da baƙin gefe, kar ka miƙe shi mutane su koma gajeru masu faɗi. Ka kuma ja kujera baya kaɗan.

Faifan fina-finai goma a ɗaya kam babu magani. Gigabait 4.7 da aka yi domin kusan awa biyu aka danna wa awa goma sha.

Na bikin kuwa, tunda bugun kwamfuta ne, zafi da rana suna cinye shi a hankali, ga zafin Zamfara ka sani. Cikin makon nan ka kai wa mai kwamfuta ya kwafe shi yadda yake, ba tare da ya matse ba, a filas biyu. Ɗaya ka ajiye a gidanka, ɗayan ka aika ɗakin amaryar.