Tambaya da Amsa: Me kanola ke yi da siklofilin sama da 90?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a fannin aikin gona a Zariya. An ba mu wani bincike mu karanta a kan kanola, tsiron nan da ake tatsar mai daga 'ya'yansa, sai na ga wai yana da ƙwayoyin gado sama da 90 na wani enzayim da ake kira siklofilin, mai taimaka wa furotin ya naɗu. Mene ne naɗuwar furotin? Kuma me tsiro ɗaya zai yi da wannan tulin, ɗaya ko biyu ba su isa ba?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ƙara basira, na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai.

Mu fara da naɗuwar. Idan ƙwayar halitta ta ƙera furotin, yana fitowa ne a matsayin dogon zare na sinadaran amino iri 20, an jera su bisa umarnin ƙwayar gado. A haka ba ya tsinana komai. Kamar yadin rawani ne: tsawonsa da kyansa ba su mai da shi rawani ba sai an naɗa shi daidai. Christian Anfinsen na Amurka, wanda ya sami kyautar Nobel a 1972, shi ya nuna cewa jerin sinadaran da kansa ke ɗauke da bayanin siffar da furotin zai ɗauka. To amma sanin siffa daban, isa gare ta a kan lokaci daban. Akwai wuraren da naɗin ke cijewa, kuma a nan enzayim irin su siklofilin suke shigowa, wato furotin masu gaggauta aikin sinadarai a cikin ƙwayar halitta.

Ɗaya daga wuraren shi ne inda furolin, ɗaya daga cikin sinadaran aminon nan 20, ya faɗo a cikin zaren. Mahaɗar da ke gabansa tana iya fuskantar ɓangare biyu, kuma juyawarta daga wannan zuwa wancan na iya cin daƙiƙoƙi har mintoci. A cikin ƙwayar halitta wannan jinkiri ne babba, domin furotin da ya tsaya rabi da rabi yakan manne da 'yan uwansa su dunƙule su lalace. Aikin siklofilin shi ne gaggauta wannan juyi. Tarihinsa ma abin sha'awa ne. A 1984 aka gano shi a jikin dabbobi a matsayin abin da maganin siklosiforin ke kamawa, maganin da ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. A shekarar ce kuma Gunter Fischer a Jamus ya gano enzayim mai juya mahaɗar furolin. Sai a 1989 aka tabbatar abu ɗaya ne. A 1990 aka ciro ƙwayar gadonsa daga tumatir da masara da kanola.

Akwai wani enzayim ɗin daban, PDI, mai ɗaure sassan furotin da mahaɗar sulfa, ya kuma kwance in an ɗaura ba daidai ba. Yana da muhimmanci a 'ya'yan kanola, domin nafin, ɗaya daga manyan furotin biyu da 'ya'yan ke tarawa, mahaɗai huɗu irin waɗannan ne ke riƙe da shi.

Yanzu ga batun yawa, kuma a nan nake so ki natsu. Amsar tana cikin asalin tsiron. Kanola ruwa biyu ne. Tsirrai biyu ne suka haɗu suka haife shi: Brassica rapa mai kromosom 20 (ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado), da Brassica oleracea mai 18, wato dangin kabejin nan da ake nomawa a Filato. Maimakon ya ɗauki rabi daga kowane ɓangare, sai ya riƙe duka, ya tashi da 38. Masanin tsirrai ɗan Koriya, Woo Jang-choon, ya bayyana wannan dangantaka tun 1935. Da aka kammala karanta kundin gadon kanola, wato jimillar DNA ɗinsa, a 2014, ƙarƙashin jagorancin masana a Faransa, an ƙirga ƙwayoyin gado kimanin dubu 101, aka kuma ƙiyasta cewa haɗuwar ta faru ne kimanin shekara 7,500 da suka wuce.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Tun kafin wannan haɗuwa, kakan iyayen biyu ya riga ya ninka kundin gadonsa sau uku. Saboda haka idan kin ɗauki ɗan ƙaramin tsiron nan Arabidopsis, ɗan uwansu da masana ke gwaji da shi, kowace ƙwayar gado tasa guda tana iya samun takwarori har shida a kanola. Arabidopsis na da siklofilin kimanin 30. Ki ninka sau shida, kin sami 180. Masu bincike a Hambog ta Jamus sun ƙirga 94 a kanola a 2017. Kin ga kusan rabi sun zube a hanya. Ni a wurina tambayar da ta fi daɗi ita ce me ya sa waɗannan suka tsira.

Wani sashe na amsar rabon aiki ne. Wasu siklofilin a ruwan ƙwayar halitta suke aiki, wasu a cikin koren sashen da ke sarrafa hasken rana, wasu a cibiyar da DNA take, wasu a inda ake shirya furotin da za a fitar. Kowanne yana ɗauke da alamar da ke kai shi wurinsa. Har a ruwan jijiyar da ke kai sukari daga ganye zuwa saiwa da 'ya'ya an same su da yawa, abin da ke da ma'ana, domin bututun wannan jijiya ba su da cibiya idan sun girma, furotin ɗinsu daga ƙwayoyin da ke maƙwabtaka da su yake zuwa.

Sai dai ina jan kunnenki a kan abu guda, domin ɗalibai da yawa a nan suke zamewa. Samun ƙwayar gado a cikin kundi ba ya nufin tana aiki. Dole a duba ko ana kwafe ta zuwa RNA, wato kwafin umarnin da ake ƙera furotin da shi, a wane sashe na tsiron, a wane lokaci, sannan ko furotin ɗin da kansa ya samu. Ko an ga RNA ta ƙaru lokacin zafi ko fari, wannan ishara ce kawai, ba hujja ba ce cewa ita ke kare tsiron. Batun zafin kuwa ba ƙarami ba ne ga manoman Kanada da Turai da Sin, tunda kanola ɗan sanyi ne, yanayi na kusantar digiri 30 lokacin fure sai amfanin ya ragu. Shi ya sa kowa ke ɗokin samun ƙwayar gadon da zai jingina wa juriya, kuma ɗoki kan sa a yi saurin yanke hukunci.

Hujja mai ƙarfi ita ce a kashe ƙwayar gadon a ga abin da zai faru. A tumatir an samu wani iri da siklofilin guda ya lalace, sai tsiron ya kasa fitar da rassan saiwa, ya kuma kasa miƙewa sama yadda ya kamata. A kanola wannan gwaji ya fi wuya, domin in kin kashe ta ɓangaren rapa, takwararta ta ɓangaren oleracea na iya rufe giɓin, tsiron ya fito lafiya lau. Saboda haka masu amfani da CRISPR, fasahar yanka da gyara ƙwayar gado, a kanola sukan nemi su bugi duka takwarorin a lokaci guda. Idan kin koma kan takardar da aka ba ku, ki raba abin da suka ƙirga a kwamfuta da abin da suka auna a jikin tsiron, ki ga nawa ne cikin 94 ɗin suka kai mataki na biyu.