Kada ka tsallake zango na 8 na The Office

Ka tambaya ko ya dace ka tsallake zango na 8 na shirin barkwancin Amurka, The Office, tunda babban jarumin shirin, Steve Carell, ya bar shi a zango na 7. Kada ka tsallake shi, domin a nan ne Andy, wanda Ed Helms ya fito a matsayinsa, ya hau kujerar manaja, kuma zango na 9 a kan wannan ya ɗora.

Sai dai ka shiga da haƙuri, domin kashi 24 ne, kuma na farko-farkon ba su da armashi sosai. A kallon da na yi, sai da Dwight da Jim, biyu daga cikin ma'aikatan ofishin, suka tafi aiki birnin Tallahassee sannan shirin ya dawo da ƙarfinsa.