Shin ƙura da hayaƙi sun fi cutar da baƙar fata ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Na karanta cewa gurɓatacciyar iska ta fi yi wa baƙar fata illa a kan Turawa. A nan ma ana cewa Bafillacen daji ya fi Bahaushen birni ƙarfin huhu. Innarmu tana da hawan jini da asma, kuma duk hunturu sai ta kwanta. A jini abin yake ne? Daga wata mai karatu a Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya ba Inna lafiya. Bambancin da kika karanta gaskiya ne, an auna an gani, sai dai mafi yawansa ba daga jini yake ba.

Abin da ya fi ɓarna a cikin iska shi ne ƙananan ƙwayoyin da ake kira PM2.5. Sai an tsaga silin gashin kai kusan gida 30 kafin a samu kaurin ɗaya. Hanci ba ya tace su. Suna zarcewa har ƙuryar huhu, su jawo kumburi, jijiyoyin jini su tsuke, jini ya hau ya kuma riƙa saurin daskarewa. Shi ya sa illarsu ba ta tsaya ga tari ba, tana kaiwa ga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada matsakaicinsu na yini ya wuce maikirogiram 15 (maikirogiram ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a kowace kubik mita ta iska, na shekara kuwa 5. Hazon hunturu, wanda yawancinsa ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, yakan zarce wannan nesa ba kusa ba.

Maganar baƙar fata daga Amurka ta fi fitowa. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya bi tsofaffi sama da miliyan 60 daga 2000 zuwa 2012, ya nuna duk ƙarin maikirogiram 10 na waɗannan ƙwayoyi a iska yana ɗaga haɗarin mutuwa da kusan kashi 7 cikin ɗari, na baƙar fata kuwa ya kai kimanin ninki uku na fararen. Amma dubi inda suke zaune. Wariyar gidaje tun shekarun 1930 ta tara su a unguwannin da aka ratsa da manyan tituna da masana'antu. Ga hawan jini ya fi yawa a cikinsu, ga rashin samun likita da wuri. Zuciyar da ta riga ta wahala ita hayaƙi ke fara kayarwa.

Gado yana da ɗan nasa rabo, amma ba yadda ake zato ba. Akwai ƙwayar halitta mai suna GSTM1 da ke taimaka wa jiki kawar da gubar hayaƙi. Kusan rabin Turawa ba su da ita, alhali rashinta bai kai haka ba a Afirka. Da jini ne kaɗai ke yanke hukunci, da nan mu ke da rinjaye. Gadon da ya kamata mu damu da shi shi ne sikila, wadda ba ta bar Bahaushe ba, ba ta bar Bafillace ba, kuma sanyi da ciwon ƙirji na saurin kai mai ita gadon asibiti.

Shi Bafillacen ruga nisa da hayaƙin mota ne ya taimake shi. Ya shigo birni ya kama acaɓa, ya yini a cunkoson Ƙofar Ƙaura, huhunsa zai ɗanɗana abin da na kowa ke ɗanɗana. Matarsa kuwa, da ke hura icce a cikin bukka da goyo a bayanta, ta fi ma'aikacin da ake yi wa girki da gas shan hayaƙi.

Inda launin fata ke da tasiri kai tsaye shi ne na'urar auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa. Binciken jami'ar Michigan na 2020 ya nuna takan nuna lamba mai kyau ga baƙar fata alhali iskar ta yi ƙasa, kusan ninki uku na yadda take yi wa farare. Don haka idan Inna tana haki, kada 94 ko 95 ya sa ku saki jiki.

Ku fara gyara daga ɗakinta. Kasko na garwashi a rufaffen ɗaki, turaren wuta, da maganin sauro na ƙonawa, duk a fitar da su, a ɗaura mata gidan sauro. Garwashi yana fitar da iska mai guba marar wari da ke kisa cikin barci, haka ma janareta, wanda ya kamata ya yi nisan aƙalla mita 6 da taga. A yayyafa ruwa kafin shara, kada a ƙona bola a ƙofar gida, ta kuma bar zama kusa da murhu. Ranar da hazo ya rufe gari ta rage fita. In ta kama dole ta sa takunkumin N95 da ya kama fuska sosai, domin mayafi manyan ƙwayoyi kawai yake tarewa.

Tun watan Oktoba ku kai ta asibiti a duba magungunanta. Kuskuren da ya fi yawa shi ne dogaro da shuɗiyar inhela (maganin asma na shaƙawa) ta salbutamol kaɗai: tana buɗe hanyar numfashi na ɗan lokaci, ba ta kwantar da kumburin, sai an haɗa da inhelar rigakafi. A riƙa auna jininta, in yana kaiwa 140/90 a gaya wa likita. Ku guji ba ta maganin mura na kemis barkatai, wasu suna ɗaga jini. Idan ta kasa gama jimla saboda haki, ko ƙirji ya danne ta, ko baki ya karkace, ko ta shaƙi inhela ba sauƙi, a wuce da ita asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.