Kafin ka sayi guba, ƙirga ƙafafu: amsoshin wasiƙun manoma

Wani manomi ya rubuto cewa gyaɗarsa ta tsiro tsalli-tsalli. Da ya tona gindin waɗanda suka mutu sai ya tarar da "tsutsa mai ƙafa dubu" a nannaɗe. Ya barbaɗa maganin ƙwari mai tsaba-tsaba har sau biyu, abin bai sauya ba, yanzu yana tambayar wane magani ya fi ƙarfi.

Malam, ka yi haƙuri, amma wannan tambaya ta ishe ni. Duk shekara sai ta zo, kuma kullum bayan an riga an kashe kuɗin ake aiko ta. Abin da ka gani ƙadandoniya ce, kuma ganinta a gindin mataccen tsiro bai isa shaidar cewa ita ta kashe shi ba. Ungulu ma a kan mushe ake samunta.

Fara da tantance abin da ke gabanka. Ka sa tsinke ka juya ta, ka dubi zobe ɗaya na jikinta. In ka ga ƙafa huɗu a zobe guda, biyu ta kowane gefe, tana tafiya sannu-sannu, da ka taɓa ta sai ta naɗe kamar gammo, to ƙadandoniya ce. Masana suna kiran ajinta Diplopoda, wato masu tagwayen ƙafafu. In kuwa ƙafa biyu ce kacal a kowane zobe, jikin a baje, ga gudu, to shanshani ne, ajin Chilopoda. Shi wannan maharbi ne mai dafi, ƙwari yake ci, ba ruwansa da shukarka. Kowane shanshani da gubarka ta kashe, mai gadi ka kora.

Ita ƙadandoniya abincinta ruɓaɓɓen ganye ne da kara da itace da ya soma lalacewa. Tana tauna su, ta fitar da kashi 'yan dunƙule-dunƙule, daga nan fumfuna da ƙwayoyin bakteriya su ƙarasa aikin cikin sauri, ganyen ya koma taki. An rubuta nau'inta fiye da 12,000 a duniya, kuma waɗanda suke taɓa amfanin gona ba su taka kara sun karya ba a cikin wannan adadi. Batun ƙafa dubu kuwa, yawancinsu ba su kai ko 400 ba. Sai a 2021 aka bayyana wata da aka zaƙulo daga ramin haƙar ma'adinai a yammacin Ostareliya, kimanin mita 60 a ƙarƙashin ƙasa, mai ƙafa 1,306. Taka ba ta kai nan ba.

Ban ce duka salihai ba ne. Akwai dangin da ake kira Odontopygidae a Afirka, waɗanda aka san suna cin irin gyaɗa lokacin tsiro, suna huda ɓawonta tun yana da taushi, suna kuma ɓata dankali. To amma ka lura da lokacin da ɓarnar take tsananta: in an yi shuka sannan ruwa ya ɗauke. Fatar ƙadandoniya ba ta riƙe danshi kamar ta sauran ƙwari, saboda haka in ƙasa ta bushe sai ta nemi duk abin da ke da ruwa a jikinsa, kuma irin da ya jiƙa ya kumbura shi ne mafi kusa. Sau da yawa ma gwazarma ko gara ce ta fara yi wa saiwar rauni, ita kuma ta biyo ƙofar da aka buɗe.

Ga abin da za ka yi. Da yamma ka shimfiɗa jiƙaƙƙun buhunan algarara ko faskaren katako nan da can cikin gonar, ka sa yankakken dankali a ƙarƙashi. Da sassafe ka ɗaga. In ɗaya ko biyu ka gani, ƙyale su, ka nemi ɓarawonka a wani wurin. In sun taru dam, kwashe su a bokiti ka kai su juji, inda aikinsu yake da amfani, ka maimaita kwana huɗu ko biyar. Ka janye tarin ciyawa da ɗanyen taki daga kan layin shuka har tsiron ya yi ƙwari. Baɗi kuma kada ka yi gaggawar shuka da ruwan farko. Wannan magani mai tsaba-tsaba, in kabofuran ne kamar yadda nake zato, yana kashe tana da tsuntsaye, yana da haɗari ga mai barbaɗa shi da hannu, ƙasashe da dama sun hana amfani da shi. Kada ka ƙara na uku.

Wata baiwar Allah ta tambaya ko ƙadandoniya tana cizo, don ɗanta ya ɗauki wata, yatsunsa suka yi baƙi-baƙi. Ba ta cizo, Hajiya, ruwan kāre kai ne take fitarwa ta gefen jikinta, a wanke da sabulu, tabon zai tafi da kansa, a dai kiyaye kada ya murza ido da hannun.

Wani ya ce yana ƙone ganyen da ke ƙarƙashin itatuwan lambunsa "don tsabta", sannan yana kukan ƙasar ta yi tauri. Ka ƙone takin, ka ƙone masu yin takin, me kake so ƙasar ta ce?

Wasiƙar da ta faranta mini rai ta wani matashi ce. Ya aiko hoton wata doguwar ƙadandoniya baƙa mai jajayen ƙafafu, yana so ya san ainihin sunanta, yana kuma so ya fara rubuta abubuwan da ke zaune a jujinsa.

Ɗana, hoto ba zai ba mu suna ba. Launi yana yaudara, nau'i biyu daban kan yi kama kamar an tsaga kara. Abin da masana suke dubawa shi ne namiji baligi: a zobe na bakwai, a yawancin dangoginsu, ƙafafunsa sun rikiɗe sun zama kayan barbara, kuma siffarsu ta kowane nau'i daban ce, sai an sa ta ƙarƙashin na'urar ƙara girma. Ka juya dabbar ka ƙirgo daga kai, in ka ga kamar giɓi a wurin, namiji ne. Ƙanana ba su da amfani a wannan aiki, domin yawanci da ƙafa shida ake ƙyanƙyashe su, suna ƙara zobe da ƙafafu duk lokacin da suka yi saɓa. Ka sa shi a kwalba cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70, ka jefa 'yar takarda a ciki da wuri da kwanan wata da irin ganyen da ka same shi. Da fensir za ka rubuta, tawada narkewa take yi. Kwalbar da ba takarda shara ce.

Don ƙananan kuwa akwai dabarar da wani masani ɗan Italiya, Antonio Berlese, ya fito da ita a 1905, daga baya aka inganta ta da ƙwan lantarki. Ka samo mazurari, ka ɗora rariya a ciki, ka zuba ganyen juji tafi biyu, ka rataya ƙwan lantarki a sama, kwalbar sifirit a ƙasa. Zafi zai busar da ganyen daga sama, halittun su yi ta gudu ƙasa har su faɗa. Bayan kwana huɗu ko biyar ka zazzage a farin faranti ka raba su da ƙirgen ƙafa. Shida, ƙwaro ne ko danginsa na kusa. Takwas, dangin gizo-gizo da kaska, kuma waɗannan mitsi-mitsin za ka ga sun yi yawa ƙwarai. Goma sha huɗu, masu sulke launin toka, 'yan uwan ƙaguwa ne da suka koma zaman tudu. Ka gwada ganye daga inda ake feshi da inda ba a yi, ka rubuto mini abin da ka ƙirga.

Ta ƙarshe: mai renon dashe ya ga wasu farare ƙanana suna tsalle a saman ƙasar ledojinsa in ya yi ban ruwa. Collembola ne, fumfuna suke ci, yawansu kuma alamar ruwa ya yi yawa. Rage ban ruwa, ka huda gindin ledojin.