Amsa kan ƙaramar libarba ta yawo da ita kullum

Assalamu alaikum jama'ar gida. Wannan saƙon na ƙanenmu ne da ya yi tambaya jiya da daddare, wanda ya ce yana tashi daga aikin gidan mai a nan Houston ƙarfe biyun dare, yana son ƙaramar libarba da zai riƙa sakawa a jiki ba a gani, kuma ya ce wacce ta fi kowacce rashin nauyi yake so. Ka yi haƙuri ban amsa da wuri ba, ina kan hanya ne da mota.

To ƙanena, kafin maganar bindiga, takardunka. Idan kana da katin zama na dindindin ko ka zama ɗan ƙasa, dokar tarayya ta yarda ka saya, za ka cike fom 4473 a shago su bincika tarihinka. Idan bizar karatu ko ta ziyara ce a hannunka, tsaya tukuna ka ga lauya, don a mafi yawan hali haramun ne, kuma abin da ke iya jawo a kore ka daga ƙasar ne. Nan Texas tun 1 ga Satumba 2021 mai shekara 21 zai iya ɗauka ba lasisi, amma ni ina roƙonka ka je ka yi ajin lasisin. A can ne za a koya maka inda ba a shiga da ita da lokacin da doka ta hana ka ko fito da ita. Ka kuma tambayi mai gidan man naku, wasu ba sa yarda ma'aikaci ya zo da ita. 'Yan'uwa da ke New York kuwa, naku tsarin daban ne, lasisi dole.

Yanzu maganar nauyi, nan nake so ka saurare ni da kyau. Bindiga mara nauyi daɗin ɗauka gare ta, wuyar harbi gare ta. Ƙarfin da ke tura harsashi gaba shi ne ke dawowa baya, idan babu ƙarfe mai nauyi da zai shanye shi, tafin hannunka ne zai sha. Akwai waɗanda ake ƙerawa da ƙarafa marasa nauyi, skandiyam da titaniyam, giram 330 da 'yan kai, suna cin harsashin .357 Magnum. Wani abokin aikina ya ba ni irinta na gwada a filin koyon harbi. Wallahi harbi biyar na yi na ajiye. Tsakanin babban yatsa da manuni ya yi ja ya kumbura, kwana biyu ina jin sa idan na riƙe sitiyari. Shi kansa mai ita ya ce min rabonsa da ya harba ta ya fi wata takwas. Ka ga matsalar ke nan. Abin da ke maka ciwo ba za ka yi atisaye da shi ba, kuma ranar tsoro hannu ba ya yin abin da bai saba ba.

Shi ya sa nake cewa ka tsaya a libarba mai cin harsashin .38 Special, wanda bai kai .357 ƙarfi ba. Biyu zan ambata maka. Smith & Wesson 642, jikinta alminiyam, wajen giram 410, harsashi biyar. Asalin wannan ƙirar tun farkon shekarun 1950 take, an daɗe ana gwada ta. Sai Ruger LCR da ta fito 2009, wani sashen jikinta roba ne mai ƙarfi, wajen giram 380, ita ma biyar. Duka biyun ba su kai nauyin ledar fiya wata ɗaya ba. Kuma duka biyun ɗan ƙarfen nan na baya da ake ɗanawa da babban yatsa a rufe yake a ciki, ba zai kama aljihu ko riga ba idan za ka zaro. Ni 642 nake ɗauka, amma kunamar LCR ta fi laushi a yatsana, gaskiya ce wannan. Kunamar irin waɗannan da tauri take, sai ka ja da kusan kilo biyar, kuma bakinsu bai kai inci biyu ba, saboda haka saiti da su sai an koya. Idan ka ji su ma suna dukan hannunka, ka duba ta baƙin ƙarfe zalla kamar Ruger SP101, ta haura giram 700, a ƙugu za ka ɗaura ta da bel mai kauri.

Kada ka jefa ta aljihu tsirara tare da makulli da canji. Ka saya mata kube wanda ya rufe kunama ruf, aljihun kuma ya zama nata ita kaɗai. Ranar Juma'a idan ka sa kaftani ka gwada a madubi, don aljihun gefe yakan ja ƙasa ya nuna siffarta.

Sannan na san kana da yara biyu ƙanana. Ranar da ka sayi bindigar, ranar za ka sayi akwatin ƙarfe mai lamba. Libarba irin wannan ba ta da wani maɓallin kariya, duk wanda ya iya jan kunama ta tashi. Da ka shigo gida, kafin ka cire takalmi, ta shiga akwati. Kan wardirob ko ƙarƙashin filo ba wurin ɓoyo ba ne, yara sun fi mu sanin lungunan ɗaki. Ka kuma zauna da maiɗakinka ku yi maganar kafin ka kawo ta.

Kada ka biya kuɗin komai tukuna. Asabar bayan azahar ina gari in sha Allahu, akwai filin harbi da ke ba da hayar bindigogi, mu je ka harba 642 da LCR da ta ƙarfen, ashirin ashirin kowacce, ka ji wacce hannunka ya karɓa. Ka taho da katin shaidarka, abin toshe kunne da tabarau ina da su.