Tambaya da Amsa: Ƙara wa ƙafar gaban tsohuwar Fijo 504 ƙarfi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Peugeot 504 mai fetur, haɗin Kaduna, wadda na gada wajen mahaifina. Gabanta ya zauna, tana ƙara a gargada, in na taka birki kuma sai ta dungura gaba. Makanikena ya ce mu sa mata shokazoba mai gas da sufirin mai tauri don ta ɗago. Ina yawan bin hanyar Gombe zuwa Dukku. Shawarar ta yi? Daga wani mai karatu, Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifi, ya bar maka motar. Rabin shawarar ta yi, ɗaya rabin kuwa kada ka yarda.

Tun da 504 ta fito a 1968, abin da ya sa ta karɓu a hanyoyinmu shi ne laushin ƙafa. Shokazobarta na gaba cikin sufirin yake, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, an ƙera su su lotsa sosai su shanye rami. In aka sa sufirin mai tauri, ko aka cusa ƙarfe a ƙarƙashinsa don ta ɗago, dukan ramin zai koma kan bol-join, wato gaɓar da ke haɗa ƙafar taya da hannun ƙarfen da ke riƙe ta daga ƙasa, da kuma kofin da ke riƙe da kan shokazoba a jikin bodi. A motar da ta kwana biyu, wannan kofin ne yake fara tsagewa. Ka buɗe bonet ka ƙwanƙwasa shi da sukudireba. In tsatsa tana zubowa, wajen mai walda za a fara zuwa kafin a sayi komai.

Sannan a auna. A tsayar da motar a daidaitaccen wuri, a auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi, dama da hagu. In bambancin ya kai santimita 2, sufirin ya gaji. A canja duka biyun da irin na motar fetur. Na dizal an yi shi ne don inji mai nauyi, zai ɗaga gaban fiye da kima, taya ta riƙa cin gefe.

Ƙarar da kake ji, galibi ba shokazoba ba ne, roba ce. A ɗaga motar a dafa ta da tsayayyen ƙarfe, ba jak kaɗai ba. A kama taya sama da ƙasa a girgiza: in ta yi wasa, bol-join ne ko boris ɗin da taya ke juyawa a kansa. A kama gefenta biyu, dama da hagu: in ta yi wasa, tayarod ne, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya. A sa ƙarfe a ɗan banƙare hannun ƙasa, a duba bushin, wato robar da ke mahaɗin ƙarafan. Wanda ya mutu za ka gan shi ya tsattsage kamar faso. Duk a canja su lokaci guda, har da robobin sandar da ke hana mota tangaɗi a kwana. A wannan sandar kaɗai muke ba da shawarar sa bushin mai tauri na foliyuriten, yana rage kwanciya a kwana ba tare da ya kashe laushi ba. Wajen tura bushin roba a yi amfani da ruwan sabulu, domin baƙin mai da giris suna cinye roba.

Ga inda masu gyara da yawa suke kuskure, kuma yana da ciwo, don kuɗi ne ke tafiya a banza: ɗaure notin bushin tamau alhali taya tana lilo a sama. Da an sauke motar, robar ta murɗe ke nan, ba za ta daɗe ba ta yage. A ɗaure sama-sama, a sauke motar ta tsaya da nauyinta, a danna gaban sau biyu ko uku, sannan a ƙarasa ɗaurewa.

Shokazoba mai gas kuwa, mun yarda da shi. A doguwar gargada man da ke cikin shokazoba irin na da yana zafi ya yi kumfa, ƙarfinsa ya ragu. Gas ɗin yana hana wannan kumfar, birki kuma ya rage dungurawa. Amma ka sani ba ya ɗaga mota, wannan aikin sufirin ne. A sayi sabo, guda biyu, kamfani ɗaya. Kafin a ɗaura, a tsayar da shi a miƙe a danna shi sau huɗu ko biyar. Ya kamata ya dawo da kansa a hankali, ba tsalle. Wajen kwancewa, kada a taɓa notin sama sai an matse sufirin da abin matse shi. Sufirin da ya kuɓuce yana karya hannu, yana fasa fuska.

Daga gareji sai wajen alaimen, wato daidaita tsayuwar tayoyi, kada ka ɗau hanyar Dukku tukuna. Bayan kilomita kamar 500 a sake bin notuna. In an yi alaimen amma taya ɗaya ta ci gaba da cin gefe, wani ƙarfe ya lanƙwashe, hannun ƙasa ko jikin shokazoba, kuma canja shi ake yi, ba a miƙe shi da wuta.